Rabin Kiɗan da Na Ɓoye

Shekarata goma sha uku lokacin, yarinya ce ni da ba ta iya ɗaga ido ta kalli baƙo. Abin da na fara gani ranar da Mama ta shiga da ni gidan wani tsoho a McLeansville shi ne farin garin ƙaro a gwiwar baƙin wandonsa, ƙaron da yake shafa wa izgar gogensa. Mama ce ke jinyar matarsa, ran Asabar kuma ba mai zama da ni a gida. Mutumin Ireland ne, gogen Turawa yake kaɗawa, irin wanda ake tallafewa a ƙarƙashin haɓa. Da ya lura ina kallon yatsunsa sai ya miƙo mini wani ƙarami. Ya ce a wurinsu ba a koyo daga takarda, mutum ne ke ba mutum kiɗa, kuma duk inda ka kaɗa sai ka faɗi wanda ya ba ka. Baba ya yi ta mini tsiya cewa likita ya kawo Amurka, ba mai gogen biki ba, amma bai hana ni ba.

Shekara guda ni kaɗai ce ɗalibarsa. Sai Anti ta taso da iyalinta suka kama gida kusa da namu a Gate City Boulevard, aka ce in riƙa tafiya da 'yarta, wadda na girme da shekara ɗaya. Abin da na yi wata uku ina fama da shi, ita a zama biyu ta ɗauke. Tana kaɗawa tana buga ƙafa tana dariya, shi ma ya kama dariya har tabaransa ya zame. Ni bai taɓa yi mini irin wannan dariyar ba. Na fara lura da wadda ya fara gaisarwa, da wadda ya fara zuba wa shayi. Ranar da ya ce zai ba ta wani kiɗa da ya karɓa daga kawunsa, wanda bai taɓa ba kowa ba, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji kukana. Kiɗan kashi biyu ne, ya koya mata na farko.

Asabar ta gaba zazzaɓi ya kwantar da ita, na tafi ni da Mama. Tsohon ya rame sosai. Ya kaɗa mini kashi na biyu sau uku a hankali, ya sa na rera masa da baki har ya gamsu, sannan ya ce in kai mata, don kunnena ba ya zubar da komai. Yau na san yabo ne. A ranar, abin da na ji kawai shi ne ya mai da ni 'yar aike. Da ta tambaye ni ko ya ce wani abu, na ce ya dai ce a gaishe ta. Bayan mako biyu ya rasu.

Abokansa suka taru a gidan da rana, suka zauna a da'ira, kowa ya kaɗa abin da ya karɓa daga gare shi. Da aka zo kan 'yar Anti ta kaɗa rabin, ta tsaya da izga a sama, ta ce iyakar abin da ya ba ta ke nan. Wata tsohuwa ta tambaya ko akwai mai sauran. Babu. Tsohuwar ta share hawaye ta ce to ya tafi da shi. Ina zaune a bakin ƙofa, kiɗan na yawo a kaina, ban buɗe baki ba.

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Hassadar ba ta rage wa 'yar Anti komai ba, har yanzu ta fi ni iyawa, kuma ba zan yi ƙarya ba, har yanzu yana yi mini zafi. Wanda na cuta shi ne mamacin da ya amince da ni. 'Yan'uwana ɗalibai, idan aka ba ku saƙo ku isar tun mai shi yana da rai, ko da zuciyarku na ciwo. Kwanan nan na lura wata gaɓa a tsakiyar kiɗan ta fara kuɓuce mini. Jiya bayan Islamiyya na tare ta a wurin ajiye motoci, na faɗa mata komai ina kallon takalmina. Na roƙe ta, ko ba za ta yafe mini ba, ta zo gidanmu ran Asabar da gogenta ta karɓi abinta kafin in manta.