Tayar da Yayan Matata Ya Ɗaura

Matata tana da wa guda ɗaya, kuma da Allah Ya ba ta biyu irinsa da tuni na bar garin Daura. Dogon mutum ne mai son babbar riga ko da gishiri zai je saye. Tun da na san shi ban taɓa jin "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba. Sana'arsa kuwa har yau ba zan iya faɗa ba. Yakan dai je Kongolam, bakin iyakar Nijar, ya wuni a rumfar wani abokinsa, ya dawo yana cewa ya je harkar boda. Yaya nake ce masa kamar yadda matata take kiransa, kuma yayan mace suruki ne, ba a yi masa musu.

Ni malamin firamare ne, babur ɗina shi ne ƙafata. Na daɗe ina canza tayata da kaina a gida, don ina da sifana, da ƙarafan ɓamɓare taya, da famfon iska. A wannan karon tayar baya ce ta suɗe ta koma kamar tafin hannu, na sayo sabuwa da robarta ta ciki, ga shi ƙanwar matata ta haihu a Sandamu, za mu je suna. Ran sunan da safe na ɗora babur a kan turmi a tsakar gida, na kwance sarƙa da sandar birki, na zare wilin. Ina cikin haka sai ga Yaya, sallamarsa tana waje, shi yana ciki.

Ya tsaya a kaina, hannuwa a baya, yana girgiza kai.

"Malam, wa ya koya maka wannan aika-aika? Haka ake cire taya?"

Na ce, "Haka na saba, Yaya."

Ya ce, "Sabo da kuskure ai ba iyawa ba ne. Matsa."

Ya tuɓe babbar riga ya rataye a igiyar shanya, ya naɗe hannun 'yar ciki. Ƙarafana ya duba ya watsar, wai kayan wasan yara ne. Ya ƙwala wa matata kira ta kawo masa muciya. Ta leƙo daga kicin ta ce, "Yaya, muciyar tuwo?" Ya ce ita. Ya cusa ta a bakin taya ya danna da gwiwa, ta karye gida biyu. Ko kallon guntayen bai yi ba, ya ce itacen yanzu ba shi da ƙwari. Daga nan ya koma kan ƙarafan da ya raina.

Duk wannan yana yi yana ba ni labarin yadda ya taɓa canza tayar tirela shi kaɗai a hanyar Damagaram, direba yana kuka yana sa masa albarka. Ni kuwa ina tsugune riƙe da notuna a tafin hannu, kamar wanda aka ba ajiyar goro. Da ya zo mayar da sabuwar taya sai ya datse robar ciki da bakin ƙarfe. Muka buga iska, ta fita fuuu. Ya ce kamfani ne ya yo ta a huje, shi tun daga launinta ya gane. Allah Ya sa tsohuwar robar lafiyarta lau, ita muka mayar. Kafin ya gama ya shanye kokon da aka dama mini, ya cinye ƙosan.

Da ya ɗaura wilin ya miƙe yana kakkaɓe hannu, sai na ɗauki sifana na sunkuya in bi notunan. Nan take ya ɓata rai.

"Au, duba aikina za ka yi?"

Matata ta yi mini ido daga bakin ƙofa, alamar in rufa mata asiri. Na taka birki, ya kama. Na ajiye sifana.

Muka kama hanya da hantsi, tana bayana riƙe da ƙullin kayan barka, atamfa da sabulu da 'yan rigunan jariri. A cikin gari birki bai nuna komai ba. Sai da muka yi nisa, mun kusa Sandamu, garken shanu ya fito daga gona zai tsallaka titi. Na taka birkin baya, ƙafata ta tafi zuruf har ƙasa, ba abin da ya riƙe. Ga ƙahoni a gabana. Na kauce gefen titi na matse birkin gaba, yashi ya kwashe tayar, muka zube.

Ni gwiwa kawai na kurje. Matata ce ta dafa ƙasa da hannun dama, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi, fuskarta ta yi fari fat. Makiyayan suka rugo suka ɗaga babur, wata dattijuwa mai tallan nono ta ajiye ƙwaryarta ta riƙe ta, wasu suna tsince mana sabulu a cikin yashi. Na zagaya bayan babur. Sandar birki tana reto, notin da ke riƙe ta babu shi. Maƙala shi kawai ya yi bai ɗaure ba, girgizar hanya ta yar da shi.

Mai ɗori aka kira mata a Sandamu. Ana guɗa a tsakar gida, ana rabon waina, ita tana ƙuryar ɗaki ta ciji gefen mayafi ana jan hannunta.

Yaya bai zo duba ta ba sai da aka kwana biyu. Ya zo hannu rabbana, ya zauna a kan darduma mafi kyau, ya dubi hannun da ke ɗaure da karare ya yi tsaki. Sannan ya juyo kaina.

"Malam, tuƙi ba na kowa ba ne. Kuma ni dama na ga birkin nan. Tun ina ɗaurawa na ce a raina wannan ba zai kai ku Sandamu ba."

Na buɗe baki, na tuna ko shi wane ne, na rufe. Matata ce ta gyara zama. Mace ce da ba ta ɗaga murya, ranar ma ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Yaya, ka gani?"

"Ƙwarai kuwa. Ido na gare ni."

"Ka gani, ka san ni za a goya, ka yi shiru?"

Ya yi tari. Ya ce ba haka yake nufi ba.

Ta ce, "To ba ka gani ba ke nan. Ɗaya za ka ɗauka, Yaya. Ko ka gani ka bar ƙanwarka ta hau, ko ba ka iya ba."

Ya dube ni ko zan tsawata mata. Na sa ido a kan wata kaza da ke tono a gindin rijiya. Can ya ce ai komai ƙaddara ce, mumini ba ya jayayya da hukuncin Ubangiji. Ya tattara riga ya fita, ko sai an jima bai ce ba.

Gidan mahaifiyarsu ya zarce ya kai ƙara, wai mun ci mutuncinsa. Tsohuwar ta aiko in je. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi yadda aka yi, na faɗa mata. Tana jan carbi ta ce, "Shi ya ɗaura tayar? To ku gode wa Allah da abin ya tsaya a hannu."

Hannun ya warke, amma ya ɗan karkace, kuma in sanyi ya shigo ba ta iya riƙe taɓarya. Yaya bai taɓa tambayarta ya hannu ba. Har yanzu in mun haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza ina rusunawa in gaishe shi, don darajar tsohuwa, shi kuma ya amsa da ƙyar yana kallon sama, a matsayin wanda aka yi wa laifi yake haƙuri.