Baba ya ce ba ya jin ciwo, don surukinsa na tsaye

Na daɗe ban rubuta komi a nan ba. Masu cewa girman kai ne, Allah ya shirye ku. Jinyar Baba nake.

Ya haura saba'in, amma tun da muka koma Assaga da zama bai yarda ya bar gonar tattasai ba. Wata safiya ya zame a bakin hanyar ban ruwa. Ƙafar hagu ta juya waje, ta gajarce. Muka ɗauko shi a amalanke har titi, sannan mota zuwa Diffa. Ko uhum bai ce ba.

Radiyo, wato hoton ƙashi, ta nuna ƙashin ƙugu ya karye, sai tiyata. Tattasan da muka ajiye don cin shekara ya tafi a ordinansi, wato magungunan da likita ya rubuta, da ƙarfen da za a saka masa.

Ranar aiki likitar da ke kashe jiki ta zo ɗaki. Ta ce za a yi masa allura a gadon baya, amma sai ya zauna ya lanƙwasa, kuma zama ga mai karayar ƙugu azaba ne. Don haka akwai wata allurar da ake fara yi a matsematsi, ta kwantar da ciwon kafin a ɗaga shi. Ta tambaye shi yadda yake ji.

Ɗaki cike da ƴan dubiya. A kansa kuma Malam Bukar ne tsaye, mijin yayata. Kun san dattijonmu a gaban suruki, balle an ambaci matsematsi. Baba ya ce ba ciwo. Ta sake tambaya, ya ce a ajiye wa mata masu naƙuda allurar. Aka yi dariya, aka wuce da shi ba a yi masa ita ba.

Ina bakin ƙofar ɗakin tiyata na ji ihun da ban taɓa ji daga bakin ubana ba. Suna ɗaga shi ya suma, tansiyo, wato awon jininsa, ta faɗi. Aka fasa aikin.

Sai zazzaɓi, sai tari, bayansa ya fara gyambo. Ya koma kirana da sunan ƙanensa da ya rasu. Likitan ƙashi bai ɓoye mini ba, ya ce tsoho in ya daɗe kwance, kwanciyar ce ke kashe shi, ba karayar ba. Na bincika a waya ko zan samu wanda ya ƙaryata shi. Ban samu ba.

Da zazzaɓin ya sauka likitar ta dawo, ta kore mu duka har ni. Malam Bukar ya so gardama, na ce masa dubiyarsa ta isa haka, ta kusa kai uban matarsa kabari. Har yau ba ma magana, kuma bai dame ni ba.

Daga baya ta faɗa mini abin da Baba ya ce da ɗaki ya rage su biyu.

"Ƴata, tun da na faɗi ban runtsa ba. Ki yi mini."

Ta yi masa. Ya zaunu, aka yi ta bayan, aiki ya yi kyau.

Yanzu yana takawa da sanda zuwa masallaci, yana sallah a kujera. Gona kam sun rabu. Kwanciyar nan ta cinye masa ƙarfin da ba zai dawo ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa wannan baiwar Allah, da abokaina da suka ba da jini.

In tsohonku ya karye, ku tambaya ko akwai allurar rage ciwo kafin ta baya. In likita zai tambaye shi yadda yake ji, kada ku tsaya kuna yaba masa juriya. Surukai su fara fita, ku bi bayansu, ku ja ƙofa. Ku bar shi ya ce yana jin ciwo.