Hannun Haruna da Jakin Mashigin Gaya

Jama'a, abin da zan ba ku yau ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa ko gishiri ba. A Gaya ne, shekarun baya, lokacin ina karatun likitan dabbobi a jami'a can Yamai. Mun zo babban hutu, bakansi kamar yadda muke kira, damina ta zauna, kogi ya fara cika, sai ni da wasu ɗalibai ƴan yankinmu muka ce ba za mu ƙare hutun a gindin butar shayi ba. Duk wanda ya san Gaya ya san jakunan amalanke: su ke kwaso kaya daga manyan motocin kamiyo masu jiran duwan, wato kwastan, su ke jido shinkafa da doya daga kwale-kwale a mashigi, gadon bayansu duk gyambo, cikinsu kuwa cike da baƙar leda, don a juji suke kiwo. Muka kafa ƴar ƙungiya. Da safe mu tsinci leda a bakin kogi da bayan kasuwa, in rana ta ɗaga mu zauna a wata rumfa kusa da mashigi muna wanke wa jakuna ciwo kyauta, muna nuna wa masu su yadda za su gyara akumari don ya daina cin fata.

Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne gindin maganar: ni na kawo shawarar. Ni na yi ta yawon roƙon magani har takalmina ya tsinke, ni na iya allura, ni na iya ɗinki, kowa Pirezidan yake ce mini, wato shugaba, kuma ba zan ɓoye muku ba, sunan yana mini daɗi. A cikinmu akwai Haruna, ɗan Tunuga, mai karatun labarin ƙasa, shiru-shiru, wanda in ya ga jini sai ya kau da kai. Aikin da na ba shi tura baron shara. Akwai kuma Zalika, ɗaliba ƴar Tanda, wadda in zan faɗi gaskiya rabin ƙwazona don ita nake yi. Ban furta mata ba tukuna, ina jira in gama karatu, amma duk ƙungiya ta san inda idona yake.

Muna da doka guda, ni na kafa ta, kuma har gobe ina cewa doka ce mai kyau: ba a taɓa dabba sai mai ita yana tsaye. Maganinmu kaɗan ne, in ka wanke ciwo mai jaki bai ga yadda za a gyara akumari ba, gobe ciwon ya dawo. Sannan a garinmu in ka taɓa dabbar mutum ba da izninsa ba ta zo ta mutu, to kai ka kashe ta, sai an kai ka gaban mai unguwa.

To wata rana da tsakar rana, irin zafin nan mai nauyi na bayan ruwan sama, sauran sun tafi cin abinci, saura ni da Haruna da Zalika a rumfa. Mashigin ya yi tsit, ko yara masu wanka babu. Sai ga wani jaki yana haurowa daga bakin ruwa, fari tas, jikinsa sharkaf har wuya, ba igiya, ba akumari, ba shaidar kowa a kunne ko a cinya. A bayansa akwai gyambo mai faɗin akushi, ja zur. Abin da ya fara ba ni mamaki, ko ƙuda ɗaya babu a kan ciwon, a Gaya fa, da damina! Ya taho kai tsaye, bai kalli Haruna ba, bai kalli Zalika ba, gabana ya tsaya. Ya miƙo kai har ina jin hucinsa a ƙirjina, hucin kuma sanyi ƙalau.

Na leƙa hagu da dama na ɗaga murya ina tambayar na wane ne. Shiru. Na sake tambaya. Sai na ce doka doka ce, na sa hannu na ture masa kai, na ce ya je ya zo da ubangidansa, har Zalika ta yi dariya, ni kuwa na ji daɗin dariyar.

Haruna ne ya ce, “Pirezidan, bari dai in wanke mishi da ruwa, ruwa ai ba magani ba ne.”

Na ce, “Yo kai da ba ka iya kallon jini? Bismilla, amma kar ka taɓa mini kwalba ko ɗaya.”

Ya ɗebo ruwa a kwano, hannu tsirara ba ko safar hannu, ya dinga wanke gyambon a hankali yana runtse ido. Jakin ya tsaya cak. Can sai ya sunkuyar da kai ya fara tari, bakin wata leda ya leƙo tsakanin haƙoransa. Haruna ya kama ya ja. Jama'a, na rantse da Wanda raina ke hannunsa, leda ta yi ta fitowa, a ƙulle da juna kamar igiyar guga, yana ja tana zuwa, har baron shararmu ya cika ya yi tozo. Ni da na karanta cikin jaki na san ba ya ɗaukar ko rabin haka, kuma na san jaki ba ya amai. Da ta ƙare, jakin ya goga goshinsa a tafin hannun Haruna, ya juya ya gangara. Kun san jaki da ruwa, ko kwatami sai an yi dambe da shi kafin ya tsallaka. Wannan kuwa shiga kogin ya yi yana fuskantar ƙasar Bene da ke tsallake, ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai wuya, ya rufe kunnuwa. Muka tsaya muna jiran ya ɓullo, bai ɓullo ba.

Akwai wata tsohuwa mai bandar kifi a gefe, Badendiya, Hausarta ta kasuwa ce. Ashe tana kallo. Ta taso tana dogara sanda ta ce, “Wanda bai da igiya, ba a tambayar mai shi. Wa ya taɓa?” Zalika ta nuna Haruna. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, ta girgiza kai ta koma wurin kifinta. Ni a lokacin na ɗauka kallon girmamawa ne, kuma tun a nan na fara jin haushi.

Daga washegari komai ya juye. Jakin da zai harbe ni sai mutum uku sun danne shi, da Haruna ya ɗora masa hannu sai ya yi laƙwas. Ciwon da nake wa magani mako guda bai kame ba, shi ya wanke da ruwan kogi, kafin kasuwa ta zagayo gashi ya fara tsirowa. Magana ta bazu. Fulani suka fara koro shanu tun daga Yelu suna tambayar ina yaron nan mai hannu. Su zo su same ni da farar riga da abin auna zafi a aljihu, su gaishe ni sama-sama, su ce, “Malam, ina likitan?” Ni! Ni da na kwana nawa ina haddar sunayen ƙasusuwa da Faransanci! Ƴan rediyo suka zo, shi suka miƙa wa makirfo, ya yi ta in-ina, ni ina tsaye a baya riƙe da kwanon ruwa. Ko sunana ba a ambata ba.

Kishi na ji, ba wani suna zan ba shi ba. Kishi mai hana cin tuwo. In na ga hannun nan nasa, siriri, mai kaushin tura baro, sai in ji kamar in sare shi in liƙa a nawa. Abin da ya fi ci mini rai, wurina jakin ya fara zuwa. Ni aka aiko wa, wani ya karɓe. Har na koma ina zama ni kaɗai a mashigi da tsakar rana, da jakar magani cike da ƙwaryar dusa, ina kallon ruwa ko zai sake haurowa, masu kwale-kwale suna tambaya ko wani nawa ne ya nutse. Bai dawo ba. Zalika kuma ta daina dariyar barkwancina, ta koma ita ke riƙe wa Haruna kwano. Da hutu ya ƙare muka koma Yamai ban da shi, wai ba ya iya zaman birni. Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure, ni kuwa ranar na ce zazzaɓi nake yi.

Na gama karatu, na sami aiki a Doso, na yi aure, na yi ƙiba. Amma duk sanda wani Bagaye, mutumin garinmu, ya ce mini, “Ka san Haruna mai hannu?” sai in ji abincin ya fita raina. Bayan shekaru aka tura ni rigakafin dabbobi yankin Gaya da motar aiki da direba, na ce bari in biya in gaishe su. Ba zumunci ya kai ni ba, so nake Zalika ta ga motar.

Gidan nasu can bayan gari yake, nesa da titi, ko hanyar amalanke ba ta bi ta wurin. Tsakar gida cike da marasa lafiya: tumaki, jakuna, har da wani karen da ba ya da ƙafa ɗaya. Zalika ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ko motar ba ta leƙa ba. Haruna ya fito, da ƙyar na gane shi. Sa'ana ne, amma ka ce kawuna, ya rame, ya ranƙwafa, yana sanye da wata riga mai faɗi da ba ta taɓa jiki. Bai ba ni hannu ba, ƙirji ya dafa. Na ce a raina, ka ga girman kai.

Muna cikin hira, can nesa muka ji wani mai amalanke ya ɓato hanya, yana zagin jakinsa, sai ƙarar bulala, tau! Haruna ya zabura ya cije leɓe. Aka sake, tau! Ya dafa ƙasa. A gaban idona wani jan layi ya fito a bayan rigarsa, jini ya tsattsafo. Zalika ba ta ko yi salati ba, tashi ta yi ta ɗauko ruwan ɗumi da tsumma, irin tashin wanda ya saba. Ta ɗaga rigar. Innalillahi! Bayan nan babu inda za ka ɗora yatsa, tabo kan tabo, sabo kan tsoho.

Ya ce, “Ka gani, Pirezidan. Tun ranar nan. Duk jakin da aka buga kusa da ni, ni ka ji. In sun kwana da yunwa, ni ma haka.”

Ya dube ni ya ce, “Na san kana so. Tun da can na sani, idonka bai iya ɓoyo. Tsohuwar nan mai kihi kahin ta rasu ta ce mini ana ba wanda ke so har zuciya, hannu da hannu. Wurinka jakin ya hwara zuwa. In har yanzu kana so, ga shi, don Allah.”

Ya miƙo hannun. Hannun da na yi shekaru ina mafarkinsa, ga shi a gabana. Zalika ta tsaya da tsumma tana kallona, kallon da na daɗe ina nema a wurinta, sai ga shi ya zo a ranar da ba na so. Na cusa hannuwana biyu cikin aljihu, na ce ai ni da ilimi nake aiki, ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba. Ya mayar da hannunsa kan gwiwa. Muka yi ta maganar damina da tsadar dusa har aka kira la'asar.

Suka rako ni bakin mota. Na buɗe ƙofa, na juyo na ce to sai wata rana, ya ce Allah kiyaye hanya, ya miƙo hannu. Kun dai san mu, in ɗan'uwa Musulmi ya miƙo maka hannu wurin sallama, kafin kanka ya yi tunani hannunka ya riga ya tafi. Sai da tafina ya haɗu da nasa na tuna. Sanyi ƙalau. Na fizge, muka kalli juna. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi, ko shi ma sabo ne ya ja shi.

Muna isa tasha, wani yaro ya zabga wa jakinsa sanda a gefen motarmu, sai na ji kamar an ɗora mini wuta a tsakiyar baya, har na yi ƙara direba ya taka birki. A gida matata ta duba, ta ce ba ta ga komai ba sai ɗan ja. Tun daga ranar ba na bi ta kasuwar dabbobi sai dole, in na hango amalanke nakan sauya hanya. Na tambayi masu zuwa daga Gaya, sun ce Haruna ya murmure, har ya fara shiga kasuwa, Fulani kuma suna nan suna layi a ƙofarsa.

Ni kuwa na gwada, kar ku ce ban gwada ba. Na ɗora hannu a kan wani jaki mai gyambo a wurin aiki, na rufe ido ina jira, ya harbe ni a ƙwauri sai da na yi kwanaki ina ɗingishi. Hannun yana wurin Haruna, Zalika tana wurin Haruna, zafin kaɗai aka raba da ni.

Don haka ƴan'uwa, musamman ku ɗalibai masu fita aikin taimako a ƙauyuka da bakin ruwa, ku yi aikinku, yana da lada. Amma in kun ga wani abu a hannun abokinku ya tsaya muku a rai, ku yi ta neman tsari har ya fita, don akwai masu jin abin da zuciya ke roƙo ko baki bai faɗa ba. Masu jakuna kuma, don girman Allah ku sassauta bulala, ba ku san bayan wa take sauka ba.