Farantin Sola a Rumfar Maƙwabcina

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Malam a Tudun Wada. Shi tsohon malamin makaranta ne, mai zuwa coci, ni kuwa tsohon direba, karatuna bai wuce firamare ba. Mun daɗe muna maƙwabtaka, amma gaisuwar bakin ƙofa ce kawai tsakaninmu, har matarsa ta rasu ta bar masa motarta.

Motar ba ta fita sai jefi-jefi, in zai je asibiti ko wani biki a Wusasa. Sauran lokaci tana tsaye a ƙarƙashin rumfar kwano. Mota kuwa in ta daɗe a tsaye, batirinta mutuwa yake yi. Sai Malam ya leƙo zaurena ya ce mini tsohuwar, wato motar, ta sake yin fushi. In ɗauki sifana in shiga, in kwance batirin, in ɗaure shi a bayan babur da roba, in kai wa mai caji a bakin kasuwa. Washegari in dawo da shi in ɗaura.

Aikin ba ya cin lokaci, amma ban taɓa fitowa da wuri ba. Sai ya jawo kujeru gindin mangwaro, ya kawo shayi da gyaɗa. Ya ba ni labarin ɗalibansa da suka zama manya, ni kuma in ba shi na hanyar Jos da ta Funtuwa. Yana saurarona kamar mai ɗaukar darasi, har tambaya yake yi. Ba wanda ya taɓa saurarona haka, ko a cikin gidana. Mu a tsararmu dattijo ba ya shiga gidan wani ya zauna haka kawai, sai da dalili: suna, ko dubiya, ko ta'aziyya. Ni batirin nan shi ne dalilina.

Wata rana 'yarsa, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta zo da wani abu a kwali. Farantin sola ne, bai fi tiren shayi girma ba. Ta sa aka ɗaure shi a kan rumfar, aka jawo waya aka maƙala a kawunan batirin. Ta yi mini bayani cikin ladabi cewa rana za ta riƙa ɗura masa wuta kaɗan-kaɗan, ba zai sake mutuwa ba. Sannan ta durƙusa ta yi godiya.

"Baba, mun wahalar da kai da yawa. Yanzu ka huta ke nan."

Na sa mata albarka, na koma gida da sifanata a aljihu.

Daga inda nake alwala a tsakar gida ina hango abin yana ƙyalli. Ban taɓa jin haushin wani mutum kamar yadda na ji haushin farantin nan ba. Ba ya gaisuwa, ba ya tambayar lafiyar kowa, yana kwance yana shan rana, ga shi ya karɓe mini aiki. Matata ta lura. Ta ce in na gama kallon abokin gabana in zo tuwo na hucewa. Na ce ba shi nake kallo ba, hadari nake dubawa.

Kuma da gaske na jira damina. Da gari ya lulluɓe, rana ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, na ji daɗi a raina, har na fito da sifana na goge. Wata safiya sai na ji ta bayan katanga, murɗa makulli ɗaya motar ta tashi. Na je wurin mai caji, na tambaye shi ko irin waɗannan abubuwan ba sa lalata batir. Ya ce a'a, ai in batir ya cika, farantin da kansa yake tsayawa, shi ma sun rage masa ciniki. Na so ya ce suna lalatawa.

Abin da ya fi ƙona ni, wani abokin Malam ya zo daga Tudun Jukun, tsohon malami irinsa. Ina jin su a gindin mangwaron, Malam yana yabon farantin, wai ba ya gajiya, ba ya mantuwa. Suka yi ta dariya, rabi da Turanci. Na ce a raina, dama can irinsu suke nema, ni an yi amfani da ni ne saboda babu sola. Daga nan gaisuwata ta gajarce. In mun haɗu a bakin ƙofa sai in ɗaga hannu in wuce kamar mai sauri, alhali ba inda za ni. Wannan kam ban kyauta ba, mutumin bai yi mini komai ba.

Aka daɗe a haka. Wata safiya bayan kaka, sai ga sallamarsa a zaure.

"Direba, tsohuwar ta yi fushi."

"Ina ma'aikacin naka na kan rumfa?"

"Zo dai ka gani."

Na ɗauki sifana na bi shi. Da na buɗe bonet, sai na ga wayoyin solar a cire, an naɗe su tsaf an ajiye gefe, yadda malami ke naɗe tabarmar aji. Batirin ya mutu murus, alamar ya yi makonni a haka.

"Malam, wa ya cire waɗannan?"

"Iska ce, ina tsammani."

"A cikin rufaffen bonet? Har ta naɗe su?"

"Kai ne direba," in ji shi, yana kallon mangwaro. "Ni me na sani game da mota?"

Na sunkuya kan injin da sifanata. Na kwance batirin na kai caji. Mai cajin ya tambaye ni ko solar ce ta lalace, na ce masa lafiyarta ƙalau.

Washegari na dawo na ɗaura. Na ɗauki wayoyin a hannu, na tsaya, ban san ko in mayar ko in bari ba. Malam ya ce in mayar da su, kada yarinyar ta zo ta ga an yi watsi da kyautarta, ranta ya ɓaci. Na maƙala jar waya a mazauninta, baƙar a nata, na rufe bonet.

"Amma ka riƙa leƙowa kana dubawa," ya ce. "Iskar gidan nan ba ta da tabbas."

Na ce to, jibi zan zo in duba.