Buhun Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta ji tsoron wuƙa ba. Da likita a Sakkwato ta ce mata ciwon daji ne ya kama ƙwan mahaifarta, kuma aikin da za a yi mata zai haɗa da cire mahaifar da kitsen da ke lulluɓe da hanji, gyara mayafi kawai ta yi ta ce, "To, ku ba ni abina in tai da shi Kebbe."

Na gane nufinta, kunya da haushi suka kama ni. A bayan ɗakinta aka binne mabiyiyar kowannenmu, mu takwas. A wurinta, duk abin da ya fita daga jikin mutum ƙasa ake ba.

Likita ta ce sai an kai abin da aka cire ɗakin gwaji, tare da ɗan abin da za su tsakuro nan da can a cikinta, don a san inda ciwon ya kai da maganin da zai biyo baya. Inna ta ce ta fasa aikin. Na yi faɗa, na yi kuka, ko gezau. Ashe taurin kaina a nono na sha shi.

Likitar ta fi ni dabara. Ta tambayi sana'arta, Inna ta ce awon gero take yi a kasuwar Tambuwal.

"Inna, in an kawo miki buhu, samansa kawai kike dubawa?"

"Wa ka wanga sakarci? Sai na soka ƙarfe bisa, da tsaka, da gindi."

Sai ta harari likita, ta fashe da dariya. "To, ku soka. Amma in kun ƙare ku maido min."

Aka yi aikin lafiya. Gwaji ya gano ɓurɓushin ciwon a kitsen nan, wanda ido ba ya gani, aka yi ta ɗaura mata ruwan magani. Ta sha wuya, amma ga ta nan yau, alhamdulillahi, tana zuwa a duba ta, tana yi mana faɗa.

Likita kuwa ta cika alkawari. Ranar da na kawo mahaifar a cikin roba a rufe, yayana ya haƙa rami a bayan ɗakinta. Inna ta tsuguna ta tura ƙasar da hannunta, ta ɗago ta dube ni.

"Mahaifar nan sau takwas tana ɗaukar min kaya, ba ta taɓa yada ko guda ba. Ita za ni bari hannun baƙi?"

Na tsuguna na taya ta.