Bakan Ikko a Hannun Sarkin Baka

Na ga abubuwa a dajin Maradun waɗanda ba na son tunawa. Amma ranar da aka haɗa min sabon baka, ko na so in manta ba zan iya ba.

A daminar, gadu ne ya addabi masarata a wata fadama kusa da Faru. Mun gudu daga ƙauyenmu mun dawo, shanu sun tafi, gonar nan kaɗai ta rage, kuma ita gidana ke jira. Ina da bindigar toka, amma a ƙasarmu yanzu ba a harba bindiga don gadu. Ƙara ɗaya za a ji, mata su saɓa goyo su yi daji, a zaton ɓarayi ne suka shigo. Bakan da na gada kuwa, sosa wa gadu baya kawai kibiyarsa take yi.

Ƙanen matata yana rakiyar shanu zuwa Ikko. Shi ya zo min da wani baƙin baka a kwali, da 'yan tayoyi a kai da gindi, tsirkiyoyinsa a harɗe. Muka zauna a ƙofar gida da hantsi, yana duba yadda ake yi a wayarsa, ni ina riƙe. Ya sassauta noti da wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe har na iya ja, ya gyara tayoyin daidai tsawon hannuna, ya ɗaura abin saiti. Na auna buhun ƙaiƙayi na saki. Kibiyar ta fasa buhun, ta fasa zana, ta kafe a jikin darbejiya. Tarin akuya ma ya fi shi ƙara.

"Yaya, abu guda mai shagon ya ja kunnena," in ji shi. "Kada a ja shi a saki babu kibiya. Ƙarfin cikin bakan yake komawa."

Bai rufe baki ba sai ga Sarkin Baka da mutanensa. A al'adarmu, sabon baka ba ya shiga daji sai Sarki ya shafa masa magani, ya ja tsirkiya ya saki, ya ji muryarsa. Shi kuwa wannan Sarkin namu, ban taɓa ganin ya kashe ko zomo ba. Layu kawai yake ƙarawa a wuya. Aka gaisa, gida, iyali, ruwa, gajiya. Ya miƙo hannu.

"Ranka shi daɗe," in ji ƙanen matata, "wanga baka ba a sakin shi wofi."

"Kai, mi kas sani ban da bin wutsiyar shanu? Tun ba a haifi uwarka ba nike jan tsirkiya. Wanga keken ɗinki za ka koya mani?"

Na ce, "Sarki, ga kibiya, a ɗora."

"Wa ke jin muryar baka da kibiya a bakinai? Kai ma an lalata ka."

Mutanensa suka yi dariya. Ya tofa, ya shafa man shanu da garin magani, ya ja. Bakan ya ƙi. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, hula ta karkace. Can tayoyin suka juya, jan ya yi sauƙi, haka ƙirarsa take. Ya waiwayo yana washe baki.

"Kun gani? Ya san ubangidanai."

Ya saki.

Tas! Tsirkiya ta tsinke ta zane shi a damtse, taya ɗaya ta lanƙwashe, abin saiti ya faɗa ƙwaryar fura. Sarki ya zauna daɓas yana hura hannu. Da numfashinsa ya dawo sai ya ce, "Alhamdu lillahi, magani ya tona mugun baka. Da ka shiga daji da wanga, gawarka za a ɗauko."

"Gaskiya ne, Sarki," in ji mutanensa. Sannan suka tsaya jiran goron aiki.

Ranar kasuwa na kai bakan Talata Mafara. Maƙeri ya juya shi, mai gyaran keke ya juya shi, mai walda ya juya shi, kowa ya miƙo min abina. Kafin a samo tsirkiya daga Ikko, gadu ya gama nasa girbin. Kara kawai na tarar a gonar. Da ƙodago a gonakin shinkafar Bakura na ciyar da gidana a wannan shekara.

Abin da na koya kaɗan ne. Ɓarawo in ya zo, kana da damar gudu. Amma babban da bai sani ba kuma ya fi ƙarfin tambaya, durƙusawa za ka yi ka gaishe shi, ka miƙa masa kayanka da hannu biyu. Yanzu in na sami sabon abu, sai na gama aiki da shi kafin labari ya kai kunnen manya.