Mun je ɗauko ƙanena a Badaguishiri

Mun bar Konni ana idar da sallar asuba, ni da Inna, za mu Badaguishiri ɗauko ƙanena. Wata biyar ke nan yana lambun kawunmu, tun da hodar iblis ta kayar da shi karo na uku. Kabu-kabu yake yi a bakin iyaka, can ya koyo shan ta. Inna ta sa an shafe ɗakinsa, amma ba ta yarda an gusar da ko takalminsa ba. A ganinta wannan karon an gama, don wata maƙwabciya ta turo mata murya a waya, wai masana sun ciro wani sinadari daga tabar wiwi, kanabidiyol, wanda ba ya bugarwa, kuma yana hana mutum komawa ga hodar.

Hanya ba laifi, sai tirelolin siminti da suke ganin titin gadon ubansu ne. Muka ratse Malbaza wajen wata ƴar uwarmu, malamar jinya, don ta rubuta mana sunan maganin. Ta kawo kunu da ƙosai mai zafi. Ni na ci ba kunya, Inna kuwa ko kurɓa ba ta yi ba, ta miƙa mata wayar.

Malamar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Inna, ba ƙarya ba ne, amma ga ɓeraye anka gwada shi. A saba ma ɓera da hodar, a yanke mishi har ya daina nema. Ran da anka maishe shi kejin da ya saba sha, sai ya tashi nema. Waɗanda anka ba maganin, wasu neman nasu ya ragu. Ga mutane ba a tabbatar ba tukuna. Ba ni da abin rubuta miki."

Inna ta ce, "Ɓera ya samu magani, ɗana bai samu ba?"

Muka komo mahaɗa, muka miƙe arewa. An girbe gero, gonaki sai kara. Da muka gangara kwarin Badaguishiri ido ya huta: albasa, kabeji, tumatir, arha kamar a ce ɗauki kyauta. Muka iske ƙanena yana ban ruwa. Ya yi kumatu, tafin hannunsa ya yi kanta. Ya durƙusa ya gaida Inna, ta kama kansa ta daɗe ba ta saki ba.

Muna cin dambu a gindin mangwaro take ba shi labarin ɗakinsa, komai na nan yadda ya bari. Sai ya tsame hannunsa.

"Inna, ki gahwarce ni. In na shiga ɗakin nan, na san bulon da nika ɓoye ta bayanshi. In na ji babur ƙohwar gida, jikina rawa shika yi. Ki bar ni nan."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Kunya ta kama ni, da baƙin ciki. Sau biyu yana warkewa, sau biyun muna yin sadaka, mu mayar da shi wannan ɗakin, ni da kaina in miƙa masa makullin babur, wai kada a ce mun guje shi. Da ya sake faɗuwa kuma mu ce ba shi da zuciya.

A dawowa ko hanya ban lura da ita ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska har Konni. Abin da tafiyar nan ta koya mini ɗaci gare shi: maganin da muke jira bai iso ba, wanda yake hannunmu kuwa shi ne mu haƙura da ganinsa a gida.

Mun iso bayan la'asar, maƙwabta sun cika tsakar gida, sun zo yi masa barka. Wata ta leƙa bayanmu ta ce, "Ina shi?"

Inna ta ce, "Ya ji sauƙi. Shi ya sa bai biyo mu ba."